Rum, Farisa da Habasha: Tambayoyi da Amsoshi Kan Daulolin Dā, Fataucinsu da Addinansu

Duk wanda ya zauna karatun sira ko tafsirin azumi ya sha jin sunayen Kaisar da Kisra da Najjashi da Abraha. Malam kan ambace su ya wuce, don ba su ne abin karatun ba, sai a bar ɗalibi da tambayoyi fal ciki: su wane ne waɗannan, da me suka yi arziki, me kuma ya haɗa su da Larabawa? Ga waɗanda suka fi yawan dawowa. Shekarun duk na Miladiyya ne, inda aka ga K.M. kuwa ana nufin kafin Miladiyya.

1. Rumawan nan, Turawan Italiya ne ko mutanen Turkiyya?

Ya danganta da zamanin da ake magana a kai. Asalinsu birnin Roma ne da ke Italiya. Sun daɗe ba su da sarki, majalisar dattawa da zaɓaɓɓun shugabanni ke jan ragama, har shekara ta 27 K.M. da Agustus ya tattara iko a hannunsa. Daga kansa aka riƙa kiran masu mulkin da laƙabin Kaisar, sunan Yuliyas Kaisar wanda ya ɗauke shi ɗa. A shekara ta 117, zamanin Tarajan, daular ta kai iyakar faɗinta: daga Ingila har Iraƙi, kuma babu wata gaɓa ta Bahar Rum da ba tasu ba, har da Masar da Libiya da Tunisiya da arewacin Aljeriya da Maroko.

A 330 Sarki Kustantin ya buɗe sabon babban birni a gabas, Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau. A 395 daular ta rabu biyu. Ta yamma ta rushe a 476, ta gabas kuwa ta ci gaba har 1453, lokacin da Sultan Muhammad al-Fatih na Daular Usmaniyya ya ci birnin. Saboda haka Rumawan da Alƙur'ani ya ambata na gabas ne: Kiristoci, masu jin Girkanci, Sham da Masar na hannunsu, sarkinsu kuma Hiraƙla.

2. Farisa fa? Kisra suna ne ko sarauta?

Sunan yanka ne, Khusrau, amma Larabawa suka mai da shi laƙabin kowane sarkin Farisa. Biyu ne suka yi fice da shi: Khusrau Anushirwan (531 zuwa 579) da jikansa Khusrau Farwiz (590 zuwa 628), wanda a zamaninsa wasiƙar Manzon Allah (SAW) ta je Farisa.

Gidaje uku ne manya a tarihin ƙasar. Na farko gidan Sayirus, wanda ya ci Babila a 539 K.M., Iskandar na Makidoniya kuma ya rusa shi a 331 K.M. Sai Fartiyawa, daga wajen 247 K.M. zuwa 224. Sai Sasaniyawa, daga 224 zuwa 651, gidan su Kisra ke nan. Fadarsu na Mada'in a bakin kogin Dijla, kudu da Bagadaza kaɗan, kuma har yau babban bakan zauren fadar yana tsaye.

3. Me ya sa Rum da Farisa ba sa ga maciji da juna? Addini ne?

Faɗan ya girmi bambancin addinin da aka sani. Tun a 53 K.M. Fartiyawa suka karkashe rundunar attajirin Roma Kirasus a Harran, lokacin babu Kirista ko ɗaya a duniya. A 260 Sarki Shafur na Farko ya kama Kaisar Faleriyan da ransa, ya sa aka sassaƙa hoton abin a jikin dutse, yana nan a Iran har yau. Abin da ake rigima a kai shi ne Armeniya da biranen bakin Furat, da kuma wanda zai tsaya a tsakiya ya ci kuɗin fiton kayan gabas. Bayan Rum ta karɓi Kiristanci ne addini ya shigo ya ƙara wa wutar mai, har Shafur na Biyu ya riƙa gallaza wa Kiristocin ƙasarsa yana zarginsu da zama idon Kaisar.

Yaƙin ƙarshe shi ne mafi muni, daga 602 zuwa 628. Farisawa suka ci Baitul Muƙaddas a 614, suka wuce Masar, ana ganin Rum ta gama yawo. Hiraƙla ya fito da kansa a 622, ya karya rundunarsu a Ninawa a 627, shekara na zagayowa mutanen Khusrau suka tuɓe shi suka kashe. Wannan faɗuwa da tashin ne farkon Suratur Rum yake magana a kai. Duka biyun sun fito daga yaƙin a jigace, baitulmali ya bushe. A 636 Musulmi suka karya Rumawa a Yarmuk, a wajen wannan lokaci kuma suka karya Farisawa a Ƙadisiyya.

4. Wane irin kaya ake fatauci tsakanin waɗannan ƙasashe?

Daga Indiya ana kawo masoro da yadin auduga da lu'ulu'u da duwatsu masu daraja. Daga Sin siliki, daga Yaman da Somaliya lubban da murru, daga Habasha hauren giwa da ƙahon karkanda da ƙoƙon kunkuru. Rumawa kuma su biya da giyar inabi da man zaitun da gilashi da murjani da jan ƙarfe, amma galibi da tsabar zinariya da azurfa. Shi ya sa ake ta tono tukwanen kuɗin Roma a kudancin Indiya. Masanin nan Filini Babba, a ƙarni na farko, ya yi ƙorafin cewa Indiya da Sin da Larabawa na kwashe wa daular sastar (kuɗin Roma) miliyan 100 duk shekara.

Shi ne kuma ya bar mana farashi: awo ɗaya na baƙin masoro, wanda bai kai rabin kilo ba, dinari huɗu, wato dinarin azurfa na Roma. Sojan Agustus na karɓar dinari 225 a shekara, ka ga ke nan masoro ba na sarakuna kaɗai ba ne. Sun saba da shi ƙwarai, har a 408 da Alarik, sarkin ƙabilar Got, ya yi wa Roma ƙawanya, cikin fansar da ya nema akwai awo 3,000 na masoro.

5. Ba inji ba kamfas, ta yaya jirgi ke zuwa Indiya ya dawo?

Da iska. A Tekun Indiya iska na busowa daga kudu maso yamma wata da watanni, sannan ta juya ta riƙa zuwa daga arewa maso gabas, kamar dai yadda iskar damina da ta hunturu suke karɓa-karɓa a wurinmu. Matuƙan Indiya da na Larabawa sun daɗe da sanin haka kafin Girkawan Masar su koya. Da Roma ta haɗiye Masar a 30 K.M. sai harkar ta bunƙasa, har masanin ƙasa Sitirabo ya ce jirage 120 ke tashi zuwa Indiya a shekara daga tashar Miyos Hormos kaɗai.

Ga yadda tafiyar take. A loda kaya a Iskandariyya, a hau kogin Nilu zuwa Ƙift. Nan a ɗora wa raƙuma, a keta hamada kwana 12 zuwa tashar Barnis a gaɓar Bahar Maliya, galibi tafiyar dare saboda rana, ana yada zango a rijiyoyin da aka kewaye da ganuwa soja na gadi. Jirgi ya tashi a Yuli, ya gangara Bahar Maliya, ya ba iska baya har gaɓar Kerala. Can zai jira iska ta juya, wajen Nuwamba zuwa Janairu, sannan ya kamo hanyar gida. Wanda ya makara, sai baɗi.

An sami wata takardar bashi ta ƙarni na biyu, tana Biyana ta Ostiriya yanzu, wadda ta lissafa kayan wani jirgi mai suna Hamafolon da ya dawo daga tashar Muziris ta Kerala. Kuɗin kayan ya kusa sastar miliyan bakwai, albashin shekara na soja sama da 5,000. Kashi ɗaya cikin huɗu gwamnati ke yanka a matsayin kwastan, kuma wannan ya isa ya nuna dalilin da ya sa Kaisar ke tsaron rijiyoyin hamada. A Barnis ɗin masu tono sun ci karo da wata randar Indiya a harabar ɗakin bauta, da masoro sama da kilo bakwai a ciki, sannan daga baya suka sami gunkin Buda.

6. Larabawa a ina suka shigo cikin harkar?

Ta hanyar turare. Bishiyar lubban, 'yar'uwar hano da muke da shi a dazukanmu, tana fitowa a Zufar da Hadaramaut da Somaliya, kuma kowane ɗakin gunki daga Masar zuwa Roma na buƙatar ƙaronta. Filini ya ce dole duk ayari ya bi ta Shabwa, babban birnin Hadaramaut, ta ƙofa guda, inda masu hidimar gunkin garin ke cire ushirinsu kafin a sayar da ko ƙwaya, wanda ya kauce hanya kuwa hukuncinsa kisa. Daga Timna ta Yaman zuwa Gaza zango 65 ne, kowane zango da abin da za a biya: ruwa, harawa, masauki, masu gadi, magatakardan sarki. Kafin raƙumi ɗaya ya ga teku an kashe masa dinari 688. Da irin wannan la'adar Nabaɗawa suka sassaƙa Fetira a Jodan da Hijir a Saudiyya.

Agustus ya so ya kama tushen arzikin da kansa. Wajen 25 K.M. ya tura gwamnansa na Masar, Galus, da mutum 10,000, suka kai Ma'arib, ƙishirwa ta koro su bayan kwana shida. Sitirabo ya ce mutum bakwai kacal aka kashe a fagen fama, sauran cuta da yunwa suka ci su. Abin da takobi ya kasa, jiragen da aka yi bayani a tambaya ta 5 suka yi, don sannu a hankali sun janye ciniki daga tudu zuwa ruwa. Safarar hunturu zuwa Yaman da ta bazara zuwa Sham da Ƙuraishawa suka shahara da su sun zo ne ɗaruruwan shekaru bayan haka, a kan sawun tsoffin hanyoyin.

7. Habashar Najjashi wace irin daula ce?

Daular Aksum ce, a arewacin Itofiya da Iritiriya na yau, tasharta Adulis a bakin Bahar Maliya. Duk jirgin da zai je Indiya ta ƙofarta zai wuce. Tun wajen 270 take buga kuɗinta na zinariya da rubutun Girkanci don baƙin fatake su iya karantawa, an kuma tsinci irinsu har a Indiya. Mani, wanda ya kafa wani sabon addini a Farisa, ya sa ta cikin manyan dauloli huɗu na zamaninsa.

Kiristanci ma ta teku ya shigo. Wani yaro ɗan Taya ta Lebanon, Furumantiyus, aka kama daga jirgi aka kai fada, ya girma ya zama malamin yarima, daga baya shugaban cocin Iskandariyya ya naɗa shi bishof. Yariman shi ne Ezana. A kuɗinsa na farko akwai jinjirin wata da faifan rana, a na baya kuwa gicciye. Wajen shekara 280 bayan haka, a 615, Musulmin farko suka yi hijira zuwa wannan ƙasa.

8. Me ya kai Abraha, mutumin Habasha, mulkin Yaman?

Nan ne addini da ciniki da siyasa suka cakuɗe har ba a iya raba su. Sarkin Himyar ta Yaman, Zu Nuwas, Bayahude ne. A 523 ya karkashe Kiristocin Najran, kuma malaman tafsiri da yawa na danganta ƙissar Ashabul Ukhdud da wannan ta'asa. Wajen 525 Sarki Kaleb na Aksum ya ƙetare teku da goyon bayan Rum, ya kawar da shi.

Rum ba don Allah kaɗai ta sa hannu ba. Silikin Sin duk ta hannun Farisa yake biyowa, wato Kaisar na zuba zinariya a aljihun maƙiyinsa. A 531 Kaisar Jastiniyan ya roƙi Habashawa su riƙa saro siliki a tashoshin Indiya su sayar wa Rum. Dabarar ba ta ci ba, domin dillalan Farisa sun riga su zama a tashoshin, jirgi na isowa su saye kayan kaf. Sai wajen 552 wasu ruhubanawa suka sato ƙwan tsutsar siliki suka kai Kustantiniyya.

Abraha kwamanda ne a rundunar Kaleb, ya ture wanda aka naɗa ya hau. Ba ƙaramin sarki ba ne: ya gyara madatsar ruwan Ma'arib wajen 548, kuma rubutun da ya bari a dutse ya ce jakadun Najjashi da na Rum da na Farisa da na sarakunan Larabawa sun zo gare shi. Ya gina katafaren coci a San'a don ya karkato da masu ziyara can, yunƙurinsa na rusa Ka'aba kuwa Suratul Fil ta faɗi yadda ya ƙare. Ba a daɗe ba Farisawa suka shigo ta teku suka kori Habashawa, shi ya sa gwamnan Yaman a zamanin Manzon Allah (SAW) Bafarishe ne, Bazan, wanda ya musulunta.

9. Kafin Kiristanci me Rumawa suke bauta wa, kuma me ya sa suka tsananta wa Kiristoci?

Gumaka barkatai, nasu da na duk wanda suka ci da yaƙi. Ba ruwansu da abin da ke zuciyar mutum, abin da suke so shi ne ka fito ka yi yanka ko ka ƙona turare don lafiyar Kaisar, alamar biyayya ke nan. Yahudawa an ɗaga musu ƙafa saboda daɗewar addininsu, ko da yake tawayensu ya ja an rusa Haikalin Ƙudus a shekara ta 70. Kiristoci suka ƙi yankan, sai aka ɗauke su marasa biyayya. A 250 Kaisar Desiyus ya ce kowa ya yi yanka a gaban jami'ai a ba shi takardar shaida, an kuma tono gommai daga cikin takardun a Masar, da sunan mutum da sa hannun shaidu.

Akwai kuma maganar kasuwa. Wajen 112 wani gwamna a arewacin Turkiyya, Filini Ƙarami, ya rubuta wa Tarajan cewa ɗakunan gumaka sun kusa zama kufai, naman yankan ma da ƙyar yake samun mai saye. A 313 Kustantin ya halatta Kiristanci, a 380 Tiyodosiyus ya mai da shi addinin daula.

10. Da gaske Majusawa wuta suke bauta wa?

Haka maƙwabtansu suka gani, don a ɗakunan ibadarsu akwai wutar da ba a bari ta mutu. Su kuwa suna cewa Ahura Mazda suke bauta wa, wutar alamar tsarkinsa ce, kuma duniya fagen kokawa ce tsakaninsa da Ahriman, tushen sharri. Sasaniyawa sun ɗaure wa malaman addinin gindi sosai, malaman ne ma suka sa aka kama Mani ya mutu a kurkuku wajen 276. Duk da haka Farisa cike take da Yahudawa da Kiristoci, kuma Kiristocinta ne suka bi ayarin siliki har suka isa fadar Sin a 635.

11. Wace fasaha suke da ita da ta cancanci a yi mamaki?

A ganina ta ruwa ce kan gaba. Magudanar da Rumawa suka gina daga Zagwan zuwa Kartaj a Tunisiya ta kai kilomita 132. Ta birnin Nim a Faransa kilomita 50 ce, amma gangarenta gaba ɗaya bai kai mita 13 ba, kuma da igiya da ma'aunin ruwa aka daidaita shi. Farisawa nasu a ƙarƙashin ƙasa yake: a haƙa rijiyoyi a jere daga gindin dutse, a haɗa su da rami, ruwa ya gangaro gona da kansa ba guga ba wasaki, rana kuma ba ta shanye shi. Wannan dabara ta kai har Sahara, duba tambaya ta 13.

Sai kankare. Suna haɗa ƙonanniyar farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, ya daskare ko a cikin teku. Ƙubbar Fantiyon a Roma, mai faɗin mita 43, tun wajen 125 take tsaye babu rodi ko ɗaya a cikinta. Hanyoyinsu na dutse sun kai wajen kilomita 80,000, an yi su don soja, fatake da masu wa'azi suka mora. A 1901 kuma aka tsamo wata na'urar tagulla daga jirgin da ya nutse kusa da tsibirin Antikitira na Girka, da haƙoran juyi wajen 30, tana lissafa tafiyar rana da wata da lokacin husufi. Kada dai a manta, yawancin dutsen nan da ma'adinan nan bayi ne da fursunoni suka fasa.

12. Dinari da dirhami da ake lissafin zakka da sadaki da su, daga ina suka fito?

Larabawan Makka ba su buga kuɗi ba. Zinariyar da ke yawo a hannunsu ta Rum ce, wadda Kustantin ya fito da ita, giram huɗu da rabi, ta kuma yi wajen shekara 700 ba a rage mata nauyi ba. Azurfar kuwa ta Farisa ce, da kan Kisra a gaba da murhun wuta a baya. Da su aka yi ta ciniki har shekara ta 77 bayan Hijira, wajen 697, da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin da babu hoto sai rubutu, mai nauyin giram 4.25. Daga nan lissafin da ake sanarwa a yau ya fito: dinari 20 na nisabi giram 85 ke nan, rubu'in dinari kuma mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya.

13. Shin Rumawa sun taɓa isowa ƙasar Hausa?

Mulkinsu bai ƙetare Sahara ba. Tsakaninsu da mu akwai Garamantawa na Fezzan a kudancin Libiya, babban birninsu Jarma. Sun haƙa ɗaruruwan ramukan ruwa irin na tambaya ta 11, suna noman alkama da dabino da inabi a tsakiyar hamada, kaburburansu kuma cike da tulunan giya da gilashin Rum. Roma ta kai musu hari a 19 K.M., daga baya ta ga ciniki ya fi riba. Wajen shekara ta 90 wani Yuliyas Matanus ya bi sarkinsu tafiyar wata huɗu kudu, zuwa ƙasar Agisimba mai yawan karkanda, wadda wasu masana ke kai ta yankin Tafkin Chadi, wasu Azbin, wasu Tibesti. A gabas kuwa Sudan ta gwabza da su kai tsaye: mayaƙan Marawi sun sare kan gunkin Agustus na tagulla suka binne shi ƙarƙashin matakalar ɗakin bautarsu, aka tono shi a 1910, yana Landan yanzu.

A wannan zamanin mutanen Nok, a kudancin Kaduna da kewaye, suna ƙera mutum-mutumin yumɓunsu, a Taruga kusa da Abuja kuma ana narka tama ɗaruruwan shekaru kafin Agustus. Fataucin Sahara mai ƙarfi, na ayarin raƙuma da madugai, ya kankama ne bayan zuwan Musulunci, kuma ɗaya daga manyan hanyoyinsa ta Fezzan ɗin ta biyo, ta Kawar da Bilma zuwa Tafkin Chadi. Marubutan tarihi na Larabci sun ce Uƙba ɗan Nafi'u ya bi ta har Kawar a 666.